Ko Allura Ba Ta Wucewa

Bokiti na bakwai ke nan Mumuni ya watsar a titi, ruwan ɗakin kuwa ko alamar raguwa bai yi ba. Yana durƙushe a bakin ƙofa, wando a naɗe har gwiwa, yana kwasa da kwanon sha, matarsa Mariyama tana turo masa ruwan da tsintsiya daga ƙuryar ɗaki. Mai ɗakin, maƙwabcinsu tsoho Wakili, yana bisa gadonsa na ƙarfe ya tattare ƙafafu, yana nuna musu inda za su kwasa da bakin sandarsa, kamar shi ya ɗauke su aiki.

"Ba nan ba, Mumuni. Bayan randa ya hi taruwa."

"Baba, ruwan ga ko'ina shike. Ka bari mu yi."

"Na bari. Amma dai bayan randa ya hi taruwa."

Waya ta yi ƙara a aljihun Mumuni. Tun kafin ya duba ya san mai kiran, domin wayar tsohon tana kan taga an ɓare ta gida uku tana shan iska, tun da safe ta faɗa cikin ruwan. Karima ce, 'yar Wakili tilo, wadda ke aiki a asibitin Illela ta hanyar Tawa, ba Illelar Najeriya da ke nan tsallaken iyaka ba. Ya goge hannu a riga, ya buɗe muryar yadda kowa zai ji.

"Yaya Mumuni, ya sake shiga ko?"

Mumuni ya dubi tsohon. Tsohon ya zare masa ido, yana kaɗa yatsa.

"To, ɗan kaɗan dai."

"Ina jin tsintsiya cikin ruwa, Yaya. Baba, na san kana ji na. Sau ukku ke nan cikin damanar ga. Mutum da ciwon ƙirji shi riƙa kwana bisa tabki? Ran Jumu'a ina tahe da mota. In nit taras da lema a ƙasan ɗakin ga, wallahi tare za mu komo Illela, ko kana so ko ba ka so."

Wakili ya miƙo wuya wajen wayar. "In kin iske shi a bushe hwa?"

Karima ta ce, "In a bushe shike, in bar ka. Amma na san ba ni iske shi haka."

"Mumuni, ka ji. Mariyama, kin ji. Ku na shaidu."

Ranar Litinin ce. Saura kwana huɗu, kuma hadari bai daina haɗuwa a gabas ba.

Laifin duk na ƙofar ne, ko kuma a ce na titin. Bara aka zuba wa titin unguwar marmara saboda manyan motocin albasa, sai ya ɗaga ya fi ƙasan ɗakin Wakili tudu. Ƙofar kuwa ta ƙarfe ce, ciki take buɗewa, kuma tsakaninta da ƙasa akwai rata da mutum zai zura yatsu uku a kwance. Ta nan ruwa ke shiga, ta nan iska ke shiga, har kwaɗi sun san hanyar. Gefenta ma ba ta haɗuwa da bango sosai, in an rufe da rana sai ka ga haske ya zagaye ta.

Wakili kuwa da ɗakin nan sai dai mutuwa. Shekara arba'in ya yi yana riƙe wa 'yan kasuwar albasa sitonsu a Konni, shi ke buɗewa, shi ke rufewa, shi ke tsayawa a kan lodi, daga nan sunan ya bi shi har aka manta na yanka. Sauran gidansa damana ta daɗe da cinyewa, wannan ɗakin na bakin titi kaɗai ya rage, kuma a cikinsa matarsa ta cika. Daga kan gadonsa yana gane kowane direba ta hon ɗinsa. Ya taɓa yin wata guda a Illela, ya dawo a rame. Ya ce can ba wanda ya san shi, sai dai a ce ga baban Karima.

Akwai wata ɗabi'a da aikin sito ya bar masa, wadda ta gagari kowa. Mabuɗi ɗaya gare shi, a igiya, a wuya. Sau nawa Mumuni ya ce a kai kasuwa a yanko na biyu, tsohon ya ce shi bai taɓa riƙe ƙofa mai lakile biyu ba, wato mabuɗi biyu, kuma ba zai fara da tsufa ba. Hannun ƙofar ya daɗe da lalacewa, in ba a murɗa kuba ba iska na tasowa sai ta banko ta, don haka da ya ga hadari yake kullewa. Duk ranar da ƙirjin ya kama shi ƙafafu suka ƙi ɗaukarsa, sai ya cire igiyar, ya tura mabuɗin da sanda ta ƙarƙashin ƙofa. Mariyama, da katanga ɗaya ta raba su, ita ke tsinta. Ta buɗe, ta murɗe masa murfin kwalbar maganin da hannunsa mai rawa ba ya iyawa, ta sa masa ƙwaya a ƙarƙashin harshe. Ta saba har ba ta wuce ƙofar nan ba tare da ta dubi gindinta ba. Mumuni ya san da wannan sarai, amma sanin mutumin da ke fita tun da sassafe ya dawo da magariba, a ba shi labari yana cin tuwo.

Da suka gama kwasar ruwan, Mumuni ya tsuguna yana auna ratar da yatsu. Mutum ne da ba ya iya zama. Mai faci ne a bakin kwalta, kuma a ganinsa babu abin da ke yoyo a duniya da roba da gam ba za su tsayar ba.

"Baba, ka ba ni kwana biyu. In ɗigo guda ya shiga ɗakin ga, in bar sana'a."

"Kada ka bar sana'a," in ji Wakili. "Ka dai bar ni ɗakina."

Da safiyar Talata Mariyama ta hau mota zuwa Alela, ƙanwarta ta haihu, suna ran Alhamis. Tana ɗaure kaya tana jera masa abin da zai yi: kokon Baba kada ya yi tsami, tuwonsa a sa miya da yawa, a leƙa shi da azahar. Mumuni yana ta cewa to, to, hankalinsa yana kan buhun siminti.

Ranar bai buɗe rumfarsa ba. Ya jera bulo layi ɗaya a gaban ƙofar ta waje, ya shafe da siminti, dokin ƙofa ya tashi kusan taƙi guda. Ya gyara, ya ja baya ya duba, ya dawo ya sake gyarawa. Ya kori awaki, ya kori kaji, ya kusa faɗa da mai kurar ruwa da ya matso kusa. Duk bayan ɗan lokaci sai ya ɗaga kai ya dubi gabas. Hadarin ya taso da la'asar, ya yi baƙi, ya yi ta gurnani, sannan iska ta kwashe shi ta yi wajen Malbaza da shi. Mumuni ya sauke numfashi, ya rufe simintin da tsohon buhu.

Ran Laraba ya zo da tif ɗin tayar babbar mota, mai kauri, ya tsaga shi da wuƙa a kan katako. Ya kira Takama mai walda, maƙwabcinsu na ƙarshen layi, ya zo da na'urar huda ƙarfe. Takama ya huda gindin ƙofar wuri takwas, suka shimfiɗa robar ninki biyu, suka danne ta da siririn ƙarfe, suka ɗaure da noti. Leɓe ɗaya yana share ƙasa ta ciki, ɗaya ya kwanta a kan dokin ƙofa ta waje, yadda ruwan da ya gangaro jikin ƙofar zai zame ya bi titi. Gefe da sama kuma Mumuni ya bi su da siraran roba da gam ɗin faci.

"Kai, Mumuni," in ji Takama yana dariya, "ɗaki kaka gyara ko jirgin ruwa? Ka bar ma tsohon ga inda za shi shaƙi iska mana."

"Ga taga can. Kai dai ƙara ɗaure notin ga."

"Na ɗaure. Wanga ko jikanka ba shi kwance shi."

Da suka gama, Mumuni ya ce tsohon ya kulle ta ciki. Ƙofar ta ƙara tauri, sai da Wakili ya sa kafaɗa, Mumuni ya ɗiga wa kubar baƙin mai, sannan ta murɗu. Ya ɗebo bokiti biyu ya sheƙa wa ƙofar da dukkan ƙarfinsa.

"Baba, ya shigo?"

"Babu."

Ya ƙara na uku. "Yanzu hwa?"

"Babu."

Da aka buɗe, ƙasan ɗakin ƙaƙas. Mumuni ya ji daɗi har cikin ƙashinsa, yana ta zagaye ƙofar yana shafa ta. Wakili ya koma kan gado yana haki. Ya daɗe yana kallon gindin ƙofar, sannan ya miƙa sanda ya dunguri robar. Ba ta motsa ba. Ya sake dungura.

"Mumuni, yanzu ba abin da ka wucewa ta nan?"

"Baba, ko allura ba ta wucewa."

"Ko allura."

"Wallahi ko allura."

Tsohon ya kai hannu wuyansa ya taɓa igiyar. Mumuni ya ga hannun, amma idonsa ne kawai ya gani, zuciyarsa tana wajen wani lungu na sama da yake ganin gam bai kama sosai ba.

"Madalla," in ji Wakili daga baya. "Allah shi yi ma albarka. Jumu'a ta zo mu gani."

Ran Alhamis da safe Mumuni ya kai masa koko da ƙosai. Tsohon da kansa ya buɗe, har da tsokana, wai kokon kanti ne, bai kama ƙafar na Mariyama ba. Mumuni ya wuce rumfarsa a bakin kwalta da zuciya fes.

Kafin azahar gari ya rufe. Iska ta fara ɗaga ledoji sama, masu tebur suna ta kwashe kaya, 'yan kabu-kabu suna tsere neman mafaka. Sannan ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Kowa a rumfar yana salati, Mumuni kuwa murmushi yake yi. Ya kasa zama, ya leƙa waje, ya dawo, ya sake leƙawa. So yake ruwan ya ƙara ƙarfi, don gobe in Karima ta zo kada ta ce ai ba a yi na kirki ba.

Cikin haka motar Alela ta tsaya a gaban rumfar, Mariyama ta sauko da gudu, ƙullin kayan suna a ka, ta faɗo ciki a jiƙe sharkaf. Ko gaisuwa ba su gama ba ya fara ba ta labari. Ya kwatanta mata bulo, ya kwatanta mata roba ninki biyu, da noti takwas, da bokiti uku.

"In gaya miki, ko allura ba ta wucewa."

Mariyama tana matse bakin zanenta. Sai ta tsaya.

"Malam, to lakilen hwa?"

"Wane lakile?"

"Na Baba. In ciwon ya tashi, ta ina za shi turo shi?"

Mumuni ya tuna jiya. Hannun tsohon a kan igiya ya dawo masa, da yadda ya dunguri robar sau biyu.

"Lahiya lau na baro shi da sahe," ya ce, amma ya riga ya cire takalma.

"Sanyin hadari shi ka tada mishi ciwon. Ka sani, Malam."

Bai tsaya jin sauran ba. Ya suri ƙarfen cire taya ya faɗa cikin ruwan.

Babu babur da zai bi layin unguwa a wannan hali. Ruwa ja yana gudu a titi har ƙwauri, yana tafe da kara da robobi da takalmin wani. Mumuni yana gudu yana zamewa, ya faɗi a gaban injin niƙa, ya tashi. Yana tafe yana lallashin kansa: ai sau da yawa ana ruwa ciwon bai tashi ba, ai da safe har dariya ya yi, ai wata uku rabon da ya turo mabuɗin. Can kuma wata zuciyar ta ce masa wata biyu ne, ba uku ba. Tsoro ya cika shi, da haushin kansa.

Ya iske ƙofar a kulle. Ruwan titi ya taho ya daki dokin ƙofar ya kauce, saura yatsa biyu ya haye, amma bai haye ba. Aikin ya yi kyau yadda ya yi alkawari.

"Baba! Baba, Mumuni na!"

Ba amsa. Ya manna kunne a jikin ƙarfen. Ruwa yana dukan kwano, da ƙyar yake jin wani abu. Can ƙasa-ƙasa ya ji shi: ƙis, ƙis, ƙaramin ƙarfe yana gogar siminti, yana tsayawa, yana sake gogawa.

Ya durƙusa cikin ruwan ya cusa yatsu a ƙarƙashin leɓen robar. Ko farce bai shiga ba. Ya ja, robar ta miƙe ta koma. Shi ya zaɓo ta da kansa, don ta fi kowace kauri. Ya ɗaga ƙarfen cire taya zai fasa bulon, simintin kwana biyu ne, bugu uku zai watse.

"Mumuni."

Muryar daga ƙasa ta fito, dab da gindin ƙofar, ba daga kan gado ba.

"Baba! Ka yi haƙuri, yanzu zan hwasa shi in jawo lakilen."

"Kak ka hwasa."

"Baba..."

"Ƙasa nike kwance. Kak ka hwasa." Numfashi ya katse shi, ya daɗe kafin ya ci gaba. "Mantuwa niy yi, nit turo shi. Sabo na. Ɗakin a bushe shike, Mumuni. Bar shi."

Mumuni ya dubi ruwan da ke tunkuɗar bulon. In ya fasa, duk wannan zai afka ciki, a kan mutumin da ke kwance a ƙasa ba ya iya ɗaga kansa. Ya sauke ƙarfen. Ya sa shi a tsakanin ƙofa da bango wajen kuba ya danna da dukkan nauyinsa, ƙarfen ya zame, robar da ya manna jiya ta hana shi samun wurin kamawa.

Mariyama ta iso tana haki, ba ɗankwali. Kallo ɗaya ta yi masa ta juya da gudu gidan Takama. Ba a jima ba suka dawo tare, Takama riƙe da guduma da kurfi.

"An ɗauke wuta tun da hadari ya taso," in ji shi. "Da akwai wuta, da na zo da injin yanka, minti biyu. Matsa."

Ya kafa kurfin a kan kubar ya fara bugu. Ƙarar ta cika layin, mutane suka fara leƙowa daga zaure, wasu suka fito da buhu a ka. Kubar irin ta da ce, Wakili da kansa ya zaɓe ta lokacin yana sito, ba a yi ta don ta ba da kai da wuri ba. Mariyama ta zagaya wajen taga, amma tagar ƙarama ce, da sandunan ƙarfe, kuma an rufe ta ta ciki. Ta dawo ta tsuguna kusa da mijinta tana kiran tsohon.

"Baba, kwalbar tana kusa da kai? Gwada da haƙori, Baba."

Mumuni ya kasa tsayawa wuri ɗaya. Ya karɓi gudumar ya yi bugu biyar, ya daki yatsansa, Takama ya ƙwace. Ya koma ya manna kunne. Tsakanin bugu da bugu ya ji tsohon yana magana.

"Takama, dakata!"

Gudumar ta tsaya.

"Ku bar bugun ga kaɗan," in ji muryar, a hankali ƙwarai. "Ba ni jin abin da nika hwaɗi."

Suka yi tsit, su uku da waɗanda suka taru a bayansu, ruwa yana zuba a kansu. Ta cikin ƙarfen Mumuni ya ji tsohon ya kama kalmar shahada, ya kai rabi, numfashi ya gaza. Sai ya sa bakinsa dab da ƙofar ya faɗa masa ita a hankali, yadda ake yi wa mai jinya a gefen gado. Tsohon ya bi shi har ƙarshe. Suka sake, ya bi. A ta uku Mumuni shi kaɗai ya ƙarasa.

"Buga," ya ce wa Takama. "Don Allah buga."

Bugu goma sha wani abu, kubar ta faɗa ciki. Suka tura ƙofar a hankali, robar tana share ƙasa, tana tura wani abu a gabanta yana ƙara.

Wakili yana kwance a gefensa na dama tsakanin gado da ƙofa, sanda a hannu, kwalbar magani a kusa da kansa da murfinta a rufe. Mariyama ta durƙusa ta taɓa wuyansa, ta ɗaga ido ta dubi mijinta, sannan ta shafa idanun tsohon ta rufe su. Takama ya yi salati. Mumuni ya sunkuya ya ɗauki abin da ƙofar ta turo. Mabuɗin ne da igiyarsa, a bushe, har da ɗumi-ɗumin ɗaki.

Mutane suka yunƙuro za su shigo, ƙafafu duk laka. Mumuni ya tare ƙofar da hannu biyu.

"Mutum huɗu sun isa. Ku goge ƙahwahunku."

Aka dube shi kamar ya zautu, amma aka goge. Da liman ya zo ya ce a kawo ruwa a yi wanka a nan ɗakin, Mumuni ya ce a'a, a gidansa za a yi. Liman ya ce ai nan ya fi sauƙi. Mumuni ya ce ya sani, amma a gidansa za a yi. Aka ɗaga gawar aka tsallake dokin ƙofar da ita, aka kewaye da zana a tsakar gidan Mumuni. Ruwa ya ɗauke bayan la'asar, aka kai shi kafin rana ta faɗi. Karima tana hanya, korama ta cika ta tare motoci, dole ta juya.

Da hantsin Jumu'a ta iso, ranar da ta ce za ta zo, a motar da ta ce za ta zo da ita. Ta gaisa da masu zaman makoki a ƙofar gida, ta wuce ɗakin. Mumuni ya bi ta ya tsaya daga bakin ƙofa. Ta cire takalma ta tsallaka dokin, ta tsaya tana kallon gadon. Sannan ta durƙusa ta shafa ƙasa da tafin hannu. Ta matsa ta shafa ƙarƙashin gado. Ta miƙa hannu bayan randa ta shafa, ta duba tafinta.

"A bushe," ta ce. Ta yi wata 'yar dariya da ta karye a tsakiya. "Ya ci ni, Yaya."

Mumuni ya so ya yi shiru. Ba wanda zai faɗa mata, Takama ba zai faɗa ba, Mariyama ma haka. Amma ya kasa riƙe abin. Ya ciro mabuɗin daga aljihu, ya faɗa mata duka: robar, da notin, da ƙarar da ya ji ta ƙarƙashin ƙofa, da kwalbar da ba a buɗe ba.

"Ni nit toshe hanyar, Karima. Da hannuna. Kuma na san da ita, mantawa niy yi. Ina ta jin daɗin aikina."

Hawaye yana bin fuskar Karima.

"Shi ya sani?"

"Ya tambaye ni ko akwai abin da ka wucewa. Nic ce ko allura."

"Mi yac ce?"

"Yac ce madalla."

Karima ta goge fuska da bakin mayafi. Ta dubi robar, ta dubi bulon, ta dubi ramin da kubar ta bari.

"Kai kat toshe, Yaya, amma ni nic ce a bushe. Shi kuwa ya ji mu duka, ya yi shiru." Ta numfasa. "Allah shi jiƙan Baba. Taurin kai har ƙarshe."

Ya miƙa mata mabuɗin. Ta girgiza kai, ta ce ya riƙe, ai yanzu ba abin da yake buɗewa.

Bayan addu'ar uku ta koma Illela. Takama ya ɗaure ƙofar da waya ta ramin kubar, kafin a san abin da za a yi da ɗakin. Mumuni ya koma rumfarsa, amma aikin ba ya tafiya. Sai ya ɗora faci ya manta bai sa gam ba, ya tashi ya zauna, ya sa hannu a aljihu ya taɓa igiyar. Mutanen layi kuwa har sun fara zuwa kallon ƙofar, biyu sun ce ya zo ya yi musu irinta. Ya ce su bari tukuna.

Ran Talata da sassafe aka yi yayyafi. Mumuni ya fito zai tafi aiki, ya tsaya a zaure yana jira ya tsagaita. Mariyama ta fito ta gabansa da bokiti za ta famfo. Ta bi gefen katanga tana kauce wa laka, har ta zo daidai ƙofar Wakili. Sai ya ga tafiyarta ta ragu, kanta ya sunkuya, tana duba gindin ƙofar. Ba komai a wurin sai baƙar roba kwance a kan siminti, ruwa yana ɗiga daga leɓenta yana bin titi. Ta ɗan tsaya, ta gyara riƙon bokitin, ta wuce.